Gorar Ɗalha Mai Eriya

Duk wanda ya san Birnin Gwari da ƙauyukanta shekaru ashirin da suka wuce, in ya taɓa ɗaga kai ya ga doguwar gora a bayan gida da tarkacen ƙarfe a samanta, to aikin Ɗalha ya gani. Mijin yayata Mairama ne. Ni ne Munzali tela, ƙaninta, kuma ni na sha wahalarsa fiye da kowa, don haka ba mai hana ni ba da labarinsa yadda na ga dama.

A Unguwar Abarshi aka haife shi, wani ɗan ƙauye a bayan Kakangi, daidai inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Noma ya gada, amma tun yana saurayi hannunsa ba ya zama lafiya in ya ga rediyo. Sai da ya kashe ta babansa da ta liman kafin ya iya gyara ko ɗaya. Da talabijin ta shigo ƙasarmu, irin mai cin batirin mota, sai mutane suka gane sayenta ba shi ne aikin ba. Kaduna da nisa, ga duwatsu, ga itatuwa. Ka kunna, ba abin da za ka gani sai ɗige-ɗigen nan fari da baƙi suna tafasa suna shuu, abin da muke kira yayyafi. A cikin yayyafin nan Ɗalha ya samo abincinsa.

Gora daga bakin wani rafi a cikin daji yake saro ta, kuma ba kowace ba. Sai bayan kaka, sai wadda ta ƙosa, sai ya ƙwanƙwasa ya ji amonta. Ya babbake gindin, ya shafe shi da baƙin mai saboda gara, ya zura shi cikin guntun bututun ƙarfe da ya binne a ƙasa yadda gorar za ta riƙa juyuwa. Eriyar kuwa da hannunsa yake haɗawa: wayar alminiyom, mataccen dogon ƙwan lantarki, wani lokaci har da murfin tukunya. Yayata ta yi shekaru tana dafa miya a buɗe saboda mutumin nan, tana mita, yana ba ta haƙuri, gobe kuma wani murfin ya ɓace.

In an kafa gora sai aikin juyawa. Shi yana waje ya rungume ta, mai gida yana ɗaki yana kira: dama, hagu, koma baya, tsaya nan. A kowane tsakar gida ka ajiye Ɗalha, ko ka rufe masa ido, zai nuna maka inda Kaduna take. Yakan ce tasha ba ta zuwa gaba ɗaya, sai an lallaɓe ta: murya ce ke fara isowa, sannan inuwa, in ka yi haƙuri fuska ta biyo baya. In mai gida ya yi ƙorafin hoton bai fita tas ba, sai ya ce masa ai rabin mutum ya fi babu mutum, ya tattara kayansa.

Wata kaka, da daɗewa, wasu ma'aikatan wata tasha a Kaduna suka zo Unguwar Abarshi da mota da na'urar ɗaukar hoto, wai shirin manoma suke yi. Suka tarar da mata a masussuka ana sussukar dawa ana shiƙa, suka ɗauka. Ɗalha ba ya nan ranar, yana Damari yana kafa gora. Da ya dawo Mairama ta tare shi da labari, wai an ɗauke su a hoto ita da aminiyarta Asibi, wata Bagwariya da katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ya yi makonni yana gadin talabijin ko za a nuna, ba a nuna ba. Aka manta.

Mairama ta rasu da damina, ciwon kwana tara. Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba. Bayan shekara biyu mutanen daji suka shigo Unguwar Abarshi, kuma ba zan tsaya ba da wannan labarin ba, kowa a nan yana da irinsa. Abin da ya shafi Ɗalha shi ne ɗakinsa ya ƙone da duk abin da ke ciki, har da hoto ɗaya tak da yayata ta taɓa tsayawa aka ɗauke ta. Kabarinta yana can, a wurin da yau ko mafarauci ba ya taka shi. Ya iso gidana a cikin gari da rigar jikinsa da filaya a aljihu. Na ba shi ɗakin zaure.

Ni ban ɗauko kamannin Mairama ba ko kaɗan. Babanmu na biyo, ita kuwa innarmu. Wani lokaci ina ɗinki sai in ji ido a kaina, in ɗago in ga Ɗalha yana leƙen fuskata kamar mai neman allura a tabarma, sai ya kawar da kai. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Wata biyar da zuwansa, wani ya kawo masa tsohuwar talabijin gyara. Ya kafa 'yar gora a bayan zaurena don gwaji. Da la'asar ina shago sai ga shi a guje, ba hula, ba takalmi, dattijo mai furfura. Ya ce in zo, ya ga Mairama. Na ɗauka kansa ne ya taɓu. Ashe tashar nan ce ta tono tsohon hoton masussuka, take saka shi na ɗan minti ɗaya da busar sarewa kafin labarun Hausa na ƙarfe biyar, don cike lokaci. Ya ce akwai inda wata mace ke tahowa da ƙwarya, ta juyo, ta yi dariya. Bai fi numfashi uku ba. Ya rantse ita ce.

Daga ranar na shiga uku. Gidana a kwari yake, ga wani ƙaton mangwaro na maƙwabci daidai ta wajen Kaduna. Tashar ba ta kamuwa sai a wani ɗan kusurwa, iska kaɗan ta kaɗa gorar shi ke nan. Dole sai wani ya riƙe ta yana bi da ita. Wa zai riƙe? Munzali. Kullum biyar saura kwata sai in tashi daga kan keken ɗinki, ko da mai kaya na tsaye a kaina, in je in rungumi gora kamar wani maraya, shi yana ɗaki yana ba ni umarni ta taga.

"Tela, dama kaɗan. Ka wuce. Hannunka ne ko ƙafa? Koma. Tsaya nan, kada ka yi numfashi."

In na ji ya yi tsit, na san ta fito. Sai sarewa ta ƙare, mai labarai ya yi sallama, ya kashe talabijin. Labaran ba su dame shi ba. Ya fito yana gyara hula, ya ce yau ta fita sosai, ko ya ce yau yayyafi ya yi yawa amma ya ga dariyar. Ranar da tashar ba ta saka ba kuwa, ko tuwo sai an yi da gaske yake ci. Shekara huɗu muka yi a haka, rana da ruwa. Masu kawo ɗinki har sun san kada su zo mini gab da biyar.

Sau ɗaya na ce shi ma ya riƙe in gani, ai tare muka yi rashin. Ya riƙe. Na zauna na ƙura ido. Yayyafi ne kawai, sai wata inuwa ta taso daga cikinsa, mace ce ba shakka, da wani abu fari a kafaɗa, ta juyo, sai wani haske a inda baki yake. Kafaɗar nan ta tsaya mini a rai. Matan Gwari ne ke ɗaukar kaya a kafaɗa, yayata kuwa tun da na san ta a ka take ɗauka. Da na fito na taɓa maganar a hankali, sai ya ce ai Mairama takan kwaikwayi Asibi don tsokana, ranar ma abin da ta yi ke nan, shi ya sa take dariya. Ya tsare ni da ido yana jira. Na ce ita ce, Yaya. Ban sake neman shiga ba, na koma gorata.

A shekarun nan sana'arsa ta riga ta mutu a tsaye. Masu hali sun koma faranti mai kama tauraron ɗan'adam, matasa kuma kowa ya sunkuya a kan waya. Gorar daji ma ta gagara, don rafin nan ya koma hannun waɗanda ba a ambata. Ɗalha bai damu ba. Yana gyara fitilun caji da rediyoyi a bakin zaure, yana jiran biyar.

Sai aka fara sanarwa, a rediyo da talabijin ɗin kanta, cewa za a rufe tsohuwar hanyar watsa shirye-shirye a koma sabuwa, kowa ya nemi wani ɗan akwati da ake kira dikoda. Akwai wani Philemon, mutumin Kaduna mai kafa faranti, da yakan biyo ayarin motoci in sojoji sun yi rakiya. Shi ya yi mana bayani a shagona. Ya ce iskar da ke sama kamar titi take, tsohuwar tasha ita kaɗai take cinye layi guda, sabuwar hanya kuwa tashoshi da yawa za su shiga layi ɗaya, ragowar a bar wa wayoyin hannu. Ya ce hoto zai fita tas, yayyafi ya ƙare har abada. Ɗalha ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi, in tasha ta yi nisa fa, me ake gani? Philemon ya ce ba a ganin komai. Ɗalha ya yi dariya, ya ce yaro bai san gora ba.

Ranar da tashar ta kashe tsohuwar na'urarta ba wanda ya gaya mana. Na rungumi gora kamar kullum, na yi dama, na yi hagu, na zagaya da ita har waya ta naɗe. Ya ce in ƙara. Har aka kira magariba muna abu ɗaya. Yayyafin yana nan, amma ba kowa a cikinsa.

Ya samo dikoda, ya haɗa da eriyarsa. Wannan karon ko yayyafin babu. Gilashin ya yi shuɗi, da wani ɗan rubutun Turanci a tsakiya mai cewa ba sigina. Ka juya dama shuɗi, ka juya hagu shuɗi. Ba murya, ba inuwa, ba abin da zai gaya maka ka kusa ko ka yi nisa. Wannan ne ya fi ci masa rai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin sawun hoto a cikin yayyafi, yau an share sawun. Ya ce da ni wannan abu ba shi da tausayi, ko ya ba ka duka ko ya hana ka duka.

Amma bai yarda ba. A saninsa ba tashar da ke gagarar doguwar gora. Ya bi gidajen da ya taɓa yi wa aiki yana roƙon tsofaffin gorori, ya haɗa uku da wayar ƙarfe, muka taru mu biyar muka ɗaga. Ta fi mangwaron tsawo. Kwana shida ta yi, hadari ya taso ya kwantar da ita a kan madafar matata, kwano biyu suka tafi. Wata safiya kuma na neme shi na rasa, sai wani mai babur ya ce ya gan shi da adda ya nufi hanyar Kakangi, wai zai saro gora a rafin nan. Wallahi ban san sanda na hau bayan babur ɗin nan ba. Muka cim masa ya wuce gonakin ƙarshe. Na sauka na zazzaga masa masifa a tsakiyar hanya, ban bar komai ba, na ce in mutuwa yake nema ya mutu a gidana in san inda na binne shi, ba sai an aiko mini da saƙo daga daji ba. Da na gaji, ya ɗago kai.

"Munzali, fuskarta ta fara ɓace mini," ya ce. "Jiya na rufe ido na neme ta, zanen da take ɗaurawa kawai na gani."

Na karɓi addar, muka hau babur mu uku muka dawo.

Wata bakwai aka yi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ni da na ɗinka ta na fi kowa sani. In biyar saura kwata ta yi sai in ga ya kalli agogo ya kalli ƙasa. Ni ma, abin kunya, ƙafata takan tsaya da kanta a kan keke in lokacin ya yi. Na yi kewar gorar da na yi shekara huɗu ina zagi.

Da Philemon ya sake shigowa gari na kama shi na gaya masa komai. Ya ce ai tashar tana kan faranti yanzu, ko a tsakiyar daji aka kafa za ta fito. Ya zo da kayansa. Ya huda bangon zaure, ya kafa faranti, ya rataya wata 'yar na'ura mai ƙara ƙii a wuya yana gogawa a hankali har ƙarar ta daidaita, ya ɗaure kusoshi tamau. Ɗalha yana tsaye yana taɓe baki, wai aikin da ba a kira daga ɗaki ai ba aiki ba ne. Philemon ya yi masa kashedi cikin ladabi: Baba, wannan ba a juya shi, ko faɗin yatsa ya gota komai ya tafi.

Ranar farko wani dogon jawabi aka saka har ya cinye lokacin. Rana ta biyu talla. Na fara tsoron ko sun jefar da tsohon hoton tare da tsohuwar na'ura. Ran Alhamis Ɗalha ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ni kuma a karon farko na zauna kusa da shi a kan tabarma, hannuna ba aikin yi.

Sai ga sarewa. Sai ga masussukar Unguwar Abarshi, tas, kamar ka miƙa hannu. Na ga tsamiyar bakin hanya. Na ga rumbun Abarshi da jinkarsa a karkace, yadda yake tun muna yara. Na ga ƙaiƙayi na tashi a rana. Kafin in gama haɗiye wannan, macen ta taho da ƙwarya a kafaɗa, ta juyo.

Asibi ce. Ga tsagen fuskarta, ga wushiryarta, ba ko tantama. Ta kalli wani a gefen dama, wanda hoton bai kai gare shi ba, ta tuntsire da dariya har ƙwaryar ta karkace. Numfashi uku, aka wuce.

Ban iya kallonsa ba. Mai labarai ya yi sallama ya fara karatu, ba wanda ya tashi ya kashe. Raina ya ɓaci da Philemon, da faranti, da duk wanda ya zauna a ofis ya yanke cewa hoto sai ya fita tas, amma na fi jin haushin kaina, ni da na kai ƙara aka zo aka kafa. Da na bar shi da shuɗin gilashinsa, da har ya mutu yana da matarsa a cikin akwatin nan.

Can ya yi gyaran murya. Na ɗauka zai ce a cire faranti. Sai ya ce, a hankali, ba wanda ke sa Asibi irin wannan dariyar sai mutum ɗaya. Na ce haka ne, Yaya. Kuma haka ɗin ne, duk Unguwar Abarshi an sani. Ya ce to Mairama tana nan ke nan, a gefe, taku biyu daga inda hoton ya ƙare. Na ce tana nan.

Washegari ban yi zaton zai kunna ba. Biyar saura kwata na ji talabijin na magana a zaure. Na ajiye almakashi na shiga na zauna. Sarewa ta fara, Asibi ta taho da ƙwaryarta. Ɗalha ya matso har gwiwarsa na taɓa teburin, ba ita yake kallo ba, bakin gilashin yake kallo ta dama, inda baƙin roba ya fara. Ba tare da ya juyo ba ya ce:

"Tela, fita ka ba ni dama kaɗan."

Ya fi ni sanin abin da eriya ke iyawa da abin da ba ta iyawa. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai janye maganar, amma bai janye ba, ni kuma ban jira ba. Na fita. Farantin yana manne da bango, ban ko kalle shi ba. Tsohuwar gorarmu ta farko tana nan a cikin bututunta a bayan zaure, wayarta a yanke tana lilo, ba a haɗe take da komai ba. Na rungume ta yadda na saba, na juya ta dama a hankali, ta yi 'yar ƙararta.

"Ya yi, Yaya?" na tambaya ta taga.

Daga ciki na ji sarewar ta ƙare.

"Ƙara kaɗan," ya ce.

Na ƙara.